Saifa Ba Gyara Ba Ce

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai ƙanena Isiyaku makwancinsa. Har yau idan aka tambayi mahautan unguwar Farcha abin da ya kashe shi, sai su ce zazzaɓi. Amsar ba ƙarya ba ce, amma guntuwa ce, ni kuwa tun a makarantar mishan aka hore ni da kada in karɓi guntuwar amsa.

Abin ya faro ne shekara biyu kafin rasuwarsa, wata safiya a mayanka. Wani jan bijimi ya tsinke igiya ana shirin kayar da shi. Ya watsar da masu riƙonsa, ya karya wa ɗaya hannu, sannan ya sunkuyar da kai ya yi kan Isiyaku. Ƙahon bai huda shi ba. Goshin ne ya same shi a haƙarƙarin hagu, ya ɗaga shi ya maka shi da ƙyauren ƙarfe, ya kuma danne shi a wurin yana murzawa har ƙyauren ya lanƙwashe. Da aka sare wa san agara ya zube, Isiyaku ya miƙe, ya karɓi wuƙa, ya yanka shi da hannunsa. Jini ya wanke masa riga, amma ba nasa ba ne. Aka duba jikinsa, ba a ga ko ƙwarzane ba, aka yi hamdala.

Kukansa ɗaya, kafaɗar hagu. Saboda haka kafaɗar aka yi ta murzawa da man shanu, wanzami ma ya kafa mata ƙaho. Ba wanda ya san cewa jinin da ke taruwa cikin ciki kan aika zafinsa kafaɗa. Bayan azahar ya yanke jiki ya faɗi, leɓɓansa fari fat, cikinsa ya yi tauri kamar ganga.

A asibiti likita ya yi bayani da Faransanci, ni na fassara. Saifa ta fashe. Da bugun jininsa ya tsaya daidai, da an kwantar da shi a sa masa ido ko za ta haɗe da kanta. Da tsagar ƙarama ce, da an gwada ɗinke ta. Amma jini na zuba fiye da yadda ake ƙara masa, dole a cire ta.

Isiyaku, numfashinsa na sarƙewa, ya yi dariya. "Saifa? Yaya, a kan saifa kake ɓata rai haka? Abin da nake jefa wa mai saye gyara! Ka ce masa ya cire, in yana so ya gasa."

An cire, ya kuwa rayu. Ban taɓa zargin wannan likita ba, domin wuƙarsa ce ta ƙara wa ƙanena shekara biyu. Ya kuma gargaɗe mu dalla-dalla: wanda ba shi da saifa ya rasa mai tace masa jini. Sai allurar rigakafi, sai gidan sauro, kuma duk zazzaɓi, komai ƙanƙantarsa, asibiti a ranar. Na maimaita masa wannan har ya gaji da ni.

"Ɗan mishan," in ji shi, "kai ko atishawa aka yi sai ka nemi takardar likita. Sa bai kashe ni ba, sauro ne zai iya?"

Da damina ta biyu zazzaɓi ya kama shi. Ya sha saiwa, ya fita yanka. Kafin mako ya zagayo idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi baƙi, yana fizge-fizge sai an danne shi. Haka ya cika.

Na kan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Bara mai babur ya kwashe Habibu, ɗan Isiyaku, a unguwar Atrone, ƙarfen babur ya doke shi a gefen hagu, daidai inda aka doki uban. Aka sa shi a na'urar hoton ciki, aka ga saifa ta tsage amma jinin ya lafa. Likitar, wata mace, ta ce ba za ta taɓa wuƙa ba: ya kwanta, a riƙa auna jininsa, ɗakin tiyata na nan a shirye in abin ya juya. Ta ƙara da cewa a wasu manyan asibitoci har siririn bututu ake zurawa ta jijiya a toshe inda ke zubar, a bar saifar a mazauninta.

Abokan sana'ar uban suka taso mini a bakin ɗaki. "Malam, a cire a huta mana! Ta babansa ma ba cirewa aka yi ba?"

Na ce da su, "An cire. Ina baban?"

Habibu ya yi kwanciyarsa, ya yi watannin da aka hana shi ɗaukar nauyi, ya tashi da saifarsa.

Isiyaku ya bar jarumtar da har yau ake labarinta a Farcha, ya bar taurin kan da ba na yaba masa ko bayan ransa. Ya bar teburin nama, wanda Habibu ke tsaye a kai yanzu. Ran nan na tsaya a gefensa, wata mata ta nuna saifa ta ce a jefa mata gyara. Habibu ya yanko mata tsoka mai kyau ya ƙara mata, ya ce, "Ga gyara, Hajiya. Waccan kuwa a teburin nan sai ta hau sikeli."