Rigar da Baba Ya Rataye Baibai

Ranar wata Asabar ce, kwana tara bayan Babbar Sallah, a shekarar da na cika sha ɗaya. An kwana ana ruwa, jar ƙasar Kilomita Biyar, unguwarmu a birnin Bangi, ta jiƙe har tana cire wa mutum takalmi, ni kuma ina biye da Baba da ƙunshin farin ƙyalle a kaina. Ya hana a sa ƙunshin a leda, ya hana mu hau moto, wato babur ɗin haya, don kada taɓo ya fantsama masa. Duk inda muka iske kwata sai ya waiwayo ya ce, "Riƙe da hannu biyu, Rabi." Wani ɗakin taro za mu a wajen Kokoro, inda malamarmu ta lakwal, wato makarantar boko, Madam Solanj, ta gayyaci masu sana'ar hannu na unguwarmu da na unguwannin kewaye, kowa ya kawo abin da hannunsa ya iya a jera, jama'a su zo su gani. Tun bayan rikici ba a taɓa tara Musulmi da Kirista a ɗaki ɗaya don irin wannan ba. Abin da ke kaina kuwa babbar riga ce, wadda ta shekara uku a ƙasan akwatin Baba, kuma ko ni da aka haifa a gidan ban taɓa ganin fuskarta ba.

Baba ɗinkin hannu yake yi, aikin wuyan riga. Kakana ne ya taho da sana'ar daga Damagaram, ya bar masa ita tare da allurai da wata tsohuwar tabarma. Gidanmu ɗaki uku ne da rufin kwano, da rijiya a tsakar gida, da mangwaro ɗaya wanda ya fi gidan tsufa. Da sassafe Inna na suyar fanken da ake kira makara a bakin ƙofa, ƙanshin yana bin 'yan lakwal har kwanar layinmu. Aikina kafin in tafi shi ne in cika randa, in share ganyen da ya zubo, in shimfiɗa wa Baba tabarmarsa a gindin mangwaron. Idan na dawo sai dakan ganyen rogo, da korar kaji daga garin da aka shanya. Da la'asar mukan taru da 'yan matan layinmu mu yi 'yar carafke da tsallen igiya, muna waƙa da Sango, don Hausa a wurinmu yaren cikin gida ce, da ita ake kiran mutum cin abinci, da ita ake yi masa faɗa. Duk wannan hayaniya Baba na zaune a cikinta, kansa a sunkuye, allura na shiga tana fita, kamar ba a duniyarmu yake ba.

Mutum ɗaya ne ke iya sa shi ɗaga kai, Papa Jozef. Tare suka tashi, tare suka yi ƙwallon tsumma tun suna yara. Gidansa na can tsallaken gadar Yakite, kuma sana'arsa ita ce mafi ban mamaki da na taɓa gani: hoto yake haɗawa da fikafikan malam-buɗe-littafi. Daga daji ake kawo masa su a cikin takarda, ya zauna da ɗan tsinke da ƙaro yana liƙa su ɗaya bayan ɗaya, har kogi ya fito, kwalekwale ya fito, mace ta fito da tulu a ka. Kowane hoto kuma sai ya kewaye shi da ƙananan fikafikai shuɗɗa, bibbiyu suna fuskantar juna, wannan ce alamarsa. Duk Lahadi bayan coci sai mu ji ƙarar kekensa, ya shigo yana kira, "Garba, ita ti mbi!" wato ɗan'uwana. Baba ya ce, "Ga mai ƙarar da ƙwarin Allah ya iso." Shi kuma ya amsa da gurguwar Hausarsa, "Kai fa? Ƙyalle yana zaune lafiya, kai kana huda shi." Inna ta kawo musu shayi, su yi ta yi har rana ta karkata.

Da aka sa ranar auren 'yarsa Klodin, sai ya zo da farar shadda ya ajiye a cinyar Baba, ya ce yana so ya shiga coci da babbar riga, a san uban amarya na da ɗan'uwa a Kilomita Biyar. Baba ya karɓa, ya kuma gaya masa ƙa'idar da ya gada wurin kakana. A gidanmu ba a nuna fuskar riga sai mai ita ya gani. Yana aiki ne a kan ɗan wurin da allura take, duk inda ya gama ya rufe da farin ƙyalle ya ɗinke da zare. Na sha jin yana cewa, "Fuskar riga ta mai riga ce, shi zai fara ganinta. Mu namu bayanta." Papa Jozef ya yi magiya, ya yi wayo, har ya taɓa yi mini alkawarin alewa in leƙa in gaya masa. Baba ya ji, ya yi dariya har hularsa ta goce, ya ce, "Ranar da za ka sa, ranar za ka gani."

Ranar ba ta zo ba. Ina da shekara takwas gari ya rikice. Ba zan ba da labarin wannan ba, don duk wanda ya zauna Bangi a lokacin yana da nasa, kuma nawa bai fi na kowa ba. Abin da na sani shi ne an rufe lakwal, manyan motoci sun kwashe maƙwabtanmu zuwa Kamaru da Cadi, 'yan matan da muke tsallen igiya da su suka ragu har igiyar ta rasa mai kaɗa ta. Gadar Yakite da muke tsallakawa sayen kifi ta zama wurin da ko kallonsa ba a yi. Kekensa bai sake ƙara a ƙofarmu ba. Wasu suka ce an gan shi a sansanin gudun hijira na filin jirgi, wasu suka ce ya haye kogi zuwa garin Zongo. Baba bai daina ɗinkin ba. Ana jin harbi daga nesa yana zaune a gindin mangwaro yana ƙarasa rigar, har ya gama, ya naɗe ta baibai ya sa a akwati. Duk Lahadi kuma sai ya sa Inna ta ƙara ruwan shayi.

Shi ya sa da Madam Solanj ta zo gayyatarsa ya amsa tun kafin ta rufe baki. An ce masu haɗa hoton fikafikai ma za su zo daga tsallake. Ba shi da wani abin nunawa ban da wannan rigar, don duk abin da ya taɓa ɗinkawa yana jikin masu shi, yawancinsu ma sun bar ƙasar. Ya ce da Inna, "In ya zo, a nan zan miƙa masa abinsa."

Ɗakin ya cika da kyawawan abubuwa. Ga masu sassaƙar baƙin itace da giwayensu, ga faya-fayen matan Kokoro masu launi kamar bakan gizo, ga dukawa da takalma da jakunkuna, ga wani saurayi da ya zana kasuwarmu da fenti har da mai gasa nama. Baba ya ware ƙunshin da kansa, ya rataye rigar a bango yadda ya adana ta, baibai, ya shimfiɗa buzunsa a ƙarƙashinta ya zauna yana kallon ƙofa. Abin da ake gani daga baya ƙulle-ƙulle ne kawai da guntayen shuɗin zare, ba su da wata siffa. Wasu tsofaffin maɗinka biyu sun tsaya sun daɗe suna shafawa, ɗaya ya ce, "Malam Garba, ko zare ɗaya bai yi tsalle ba." Su sun san daga baya ake gane hannu. Sauran jama'a kuwa wucewa suke yi. Masu hoton fikafikai sun zo, su uku, duk samari, babu wanda ya san inda Papa Jozef yake.

Da aka kira azahar Baba ya tafi masallacin Kuduku, ya ce in zauna in kula. Ba a jima ba 'yan ajinmu suka shigo a rukuni. Wata da muke zama benci ɗaya da ita ta nuna rigar ta ce da Sango, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Rabi, babanki ya tsufa ne? Bai san gaba da baya ba?" Suka kwashe da dariya. Na dubi giwayen da ake ta yabawa, na dubi aikin da Baba ya ba wa idonsa ana yi masa dariya, sai zuciyata ta ce ai taimakonsa zan yi. Na san ƙa'idar sarai, ba mantawa na yi ba. Na dai ɗauka ta gida ce, ba ta shafi wurin da aka zo don a gani ba. Na hau kujera na sauke rigar, Madam Solanj ta kama mini ɗaya hannun, ita a zatonta kuskure muke gyarawa, muka juya ta.

Dariyar ta tsaya cak. Ga askar nan ta sauko daga wuya kamar yadda aka saba, ga tambari, amma a kewaye da su duka Baba ya jera ƙananan fikafikai da shuɗin zare, bibbiyu suna fuskantar juna, tun daga kafaɗa har bakin aljihu. Bai taɓa ɗinka abu mai rai ba, a nan ma bai sa musu kai ko jiki ba, fikafikan kawai, amma sai ka rantse za su tashi. Alamar amininsa ce ya mayar masa da allura. Nan da nan mutane suka yi cincirindo, wayoyi suka yi sama ana ta ɗaukar hoto. Ni kuwa na tsaya a gefe ƙirjina cike da alfahari, ina ɗokin ya dawo ya gani.

Ya dawo. Ya tsaya a bakin ƙofa da carbi a hannu, ya dubi bangon, ya dubi wayoyin, sannan ya dube ni. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ratsa mutane suna ta yi masa barka, ya sauke rigar, ya juya ta, ya naɗe, ya rungume ta a ƙirjinsa. Bai ba ni ɗauka ba. Mun yi nisa a titin Kuduku kafin ya yi magana, ba tare da ya waiwayo ba: "Gidan Jozef ban iya tsare masa ba, Rabi, bikin 'yarsa ban je ba. Abu ɗaya ya rage mini da zan ba shi, ya zama shi ne na farkon gani." Na fashe da kuka. Ya tsaya, ya dafa kaina ya ce, "Ya isa, uwata. Ai don ni kika yi."

Hoton ya yi ta yawo daga waya zuwa waya har ya je inda ƙafar Baba ba ta iya zuwa ba. Bayan kamar wata biyu, wata Lahadi da hantsi, wata mata ta yi sallama da goyo a bayanta. Klodin ce. Ta ce a wayar wata ƙawarta ta gani, tana ganin shuɗɗan fikafikan nan ta san ko rigar wa ce. Ta durƙusa a gaban Baba ta gaya masa Papa Jozef ya rasu a Zongo tun daminar farko ta rikicin, zazzaɓi ne. Ta ce har a kan tabarmar jinya yana cewa, "Garba na ɓoye mini wani abu a wuyan rigar nan, sai na koma na gani." Baba ya ɗauko rigar zai ba ta, ta ƙi karɓa. Ta ce, "Papa Garba, a hannunka ya bar ta. Mu ba mu da mai sa ta." Shayin da Inna ta ƙara ranar nan ita ta sha.

Daga ranar Baba bai sake cewa a ƙara ruwan shayi ba. Ya ci gaba da ɗinki na ɗan lokaci, amma ya daina kallon ƙofa, kuma sai a lokacin na gane jiran ne ke riƙe da shi. Na daɗe ina tambayar kaina ko alheri na yi masa da na jawo masa labarin, ko kuwa na ƙwace masa abin da yake tashi dominsa kowace safiya. Ban samu amsa ba har ya rasu shekara biyu da suka wuce.

Yanzu ɗakin nan na Kokoro ya sha farin fenti, an sa fitilu, kowane aiki da 'yar takardarsa da Faransanci. Ana tsallaka gadar Yakite da moto ba wanda ke waiwaye, yara na tsallen igiya a layinmu, sai dai ban san iyayen yawancinsu ba. Bana aka roƙe ni in kawo wani abu na Baba, na kai rigar, na rataye ta da hannuna. Ina juyawa sai wata yarinya cikin masu shirya wurin ta miƙa hannu da murmushi ta ce, "Yaya, ai baibai kika sa ta." Na riƙe hannunta a hankali na ce, "Na sani. Mai ita bai gani ba tukuna." Ta dube ni ba ta gane ba, ni kuma na shimfiɗa buzun Baba a ƙarƙashin rigar na zauna, fuskata na kallon ƙofa.