Zangarniyar Tagulla

Maigidana, Allah ya jiƙansa, maƙerin fari ne. Yakan siffanta munduwa da kakin zuma, ya lulluɓe ta da yumɓu, ya sa a wuta kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar tagulla a gurbin. Tun tasowarsa hannunsa bai san wata hanya ba.

A shekarar da ruwa ya ƙi, ƙudan zuma suka ƙaura, kaki ya ɓace. Irin shuka kuwa zangarniyar gero ɗaya ta rage mana, na rataye ta a ɗakina.

Wata rana ya dawo daga kasuwar Ɗambatta da fara'a.

"Na ji a rediyon mai shayi," in ji shi, "mutanen Sin na dā ba ruwansu da kaki. Yumɓu suke shafa wa abu, su yanka yumɓun gida-gida, su zare abin lafiya lau, su haɗe, su zuba tagulla. Miƙo zangarniyar nan."

"Malam, irinmu ne fa."

"Aro ne. Kamanninta kawai nake so. Masu kuɗin Kano za su saya."

"Wa zai sayi geron da ba ya dakuwa?"

"Wanda ya ƙoshi."

Na ba shi, har da mundayen mahaifiyata don ya narka. Ya lulluɓe zangarniyar da yumɓu, ta sha iska. Yana cikin gardama da maƙwabcinmu kan wani gajimare, sai hannunsa ya ɗauki dunƙulen ya tura wuta, yadda ya saba. Ina tsakar gida na ji ƙamshin tumu.

"Malam, ka zare ta?"

Ya daɗe yana kallon wutar. "Da alama su mutanen Sin ba sa hira in suna aiki."

Ya busa tokar ya zuba tagullar, yana hawaye. Ta fito da kyau, kowace ƙwaya a gurbinta. Kazarmu ta wuni tana caccakarta.

Da ruwa ya sauka ya kai ta kasuwa. Wani mai hatsi ya gwada ta da haƙori, ya ba shi rabin mudu na iri, ya riƙa korar awaki da ita.

Rabin mudun muka shuka, ni da shi. Geron ya yi. Malam bai kai kaka ba, ni kaɗai na yanka. Har yau in na zo nan a labarin sai kuka ya ci ƙarfina.