Baƙin tabon da ke bayan gwiwar Yaya Talatu

Da damunar bana Yaya Talatu ta cika shekara tara a makwancinta. Ita ce babbar yayarmu, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Kiwon turke take yi a gidanta a Utai. Kullum da safe tana tsugunne gefen san da take kiwatawa, tana cire masa kaska da farce tana jefawa a garwashi.

Da zazzaɓi ya kwantar da ita, muka ce na sauro ne, don a wurinmu in ruwa ya sauka kowane zazzaɓi na sauro ne. Ta shanye maganinsa, aka sayo wani. Kai na sara mata, gaɓoɓi na ciwo, kaluluwa ta fito, ƙananan ƙuraje suka feso mata. Ina goge mata jiki na ga wani baƙin ɓawo a bayan gwiwarta, kamar ƙunar garwashi, gefensa ya yi ja.

Na ce, "Yaya, wannan fa?"

Ta ce, "Kaska ce ta maƙale, na fizge 'yar banza. Ke auta kin cika sa ido."

Muka yi dariya, na ja mata zane.

Sai da ta fara sambatu muka kai ta asibiti a Wudil. Tambayar farko da likita ya yi mini: tana kiwo? Ya ce kaska kan ɗauko ƙwayar cuta ta zuba wa mutum a jini, maganinta daban ne da na sauro, kuma yana aiki in an zo da wuri. Bayan kwana biyu ta cika.

Na yi imani kwananta ne ya ƙare. Amma ni na gani, na yi shiru, wannan kam bai sake ni ba har yau.

Yanzu 'yarta Rabi ke riƙe da turken. Feshin maganin kaska take yi wa sa, ta sa safar hannu. Da Yaya za ta leƙo, na san sai ta ce, "Sa ne ko amarya?" Daga baya kuma, don ba ta da girman kai, ta ce a samo mata tata safar.

Ita ta koya mini cewa ba a jinya daga bakin ƙofa, sai ka taɓa jikin mutum. Har yau da wannan darasin nake zuwa dubiya a unguwarmu. Abin da na ƙara kawai, in na gani ina faɗa, ko za a ce na cika surutu.

Allah Ya haskaka kabarinki, Yaya, Ya yafe mini shiruna.