Makulli Na Uku

Shekarun da na yi a tashar rarraba wutar lantarki ta Kaura Namoda, aikina bai wuce jan hannun ƙarfe ɗaya ba: in ja ƙasa layin Zurmi da Shinkafi ya mutu, in tura sama ya tashi. Masu gyara kan fita, in sun gama su bugo waya in maido wuta. Da aka rufe layukan waya a yankinmu, sai muka koma jiran saƙon baki.

Saƙon baki kuwa, kafin ya iso daga Zurmi ya canza riga. Don haka muka sayo kwado uku a kasuwa. Duk mai hawa falwaya zai datse nasa a hannun ƙarfen, ya tafi da makullin. In ya sauko, ya ba direba ya kawo mini. Abokan aiki suka yi ta tsokanata, wai na mai da tasha ɗakin ajiyar hatsi.

Wata Laraba da bazara, mutum uku suka fita gyara ta wajen Gurbin Bore. Bayan azahar wani direba ya shigo da makulli biyu.

"Sun ƙare, malam. Sun ce a maido wuta."

"Ina na ukkun?"

"Na dattijon nan? Cewa sunka yi shi ma ya sabko."

"Kai ka gane shi ƙasa?"

Ya sosa ƙeya. "Ni dai haka sunka ce."

Dattijon shi ne babba a masu gyara, kuma shi ya koya mini aiki. Kwana huɗu ke nan garuruwan ba wuta. Masu niƙa da masu walda da suka biyo direban suka cika ƙofa, shugabana ya ɗauko guduma ya ce a fasa kwadon. Ni mutum ne mai tsoron manya, kowa ya sani, amma ranar na zauna a gaban ƙarfen na ƙi tashi. Na sha zagi har da na iyaye, kuma can cikin raina ina tsoron kada ya zama taurin kai kawai nake yi.

Daf da magariba sai ga dattijon a bayan babur, ya yi futu-futu da ƙura. Ashe bayan abokansa sun juyo ne ya hango wata wayar wuta ta saki a gaba, ya koma ya hau shi kaɗai.

Ya buɗe kwadonsa da hannunsa, ya dube ni.

"Ɗana, da wane lokaci sunka so ka tura?"

"Bayan azahar, Baba."

Ya zare kwadon daga hannun ƙarfen. "Har la'asar ina bisa."

Yanzu layukan waya sun dawo, amma yaran da muka ɗauka aiki ba sa fita sai da kwadonsu. Dattijon ne ke raba musu da kansa.