Murfin Tukunyar Jirgi

Zan faɗi abin bi da bi, domin ƙanin matata yana ba da labarin a hargitse, yana dariya a tsakiya, har mai sauraro ya ɗauka ba a yi asarar komai ba.

Da farko akwai jirgi. An ƙera shi da ƙarfe a ƙasar nan ta Turawa da muke zaune, zamanin Sarauniya, lokacin da aka fara barin katako. Ba shi da inji. Iska ce ke tura shi, da manyan ƙyallaye a kan dogayen sanduna uku. Yana ɗaukar yadi daga masaƙun Manchester, da gishiri, ya kai gaɓar Ghana, ya dawo da manja. Ya yi shekaru yana haka lafiya lau. Sai wata damina matuƙinsa ya gaji da jira, ya matso da shi kusa da gaɓa don a yi saurin sauke kaya. Sarƙar da ke riƙe da shi ta tsinke, igiyar ruwa ta ɗora shi kan duwatsu. Mutanen ciki sun tsira. Jirgin ya kwanta a gefe guda, teku ta ci shi a hankali. Gaggawar mutum ɗaya ke nan.

Bayan jirgi sai tukunya. Kakan mahaifiyata, bafatake mai safarar goro, shi ya samo tukunyar kicin ɗin jirgin a hannun masu kwalekwale. Baƙin ƙarfe ce, sai maza biyu ke ɗaga ta, sunan jirgin na jikin murfinta. A zangonmu na Sekondi, can Ghana, babu suna ko biki ko sadakar arba'in da ba ita ta dafa ba. Tana da ƙa'ida: ba a hana aronta, kuma in an gama a wanke, a shafe ta da mai, a kife ta a ƙofar gida ta sha rana don kada ta yi tsatsa. Duk mai wucewa ya san ta. Ko akuya ba ta taɓa ta.

Da mahaifiyata ta rasu, na sa aka sako ta a kwantena zuwa Manchester, inda nake zaune. Na ji daɗin abin, don ta koma garin da jirginta ke ɗaukar kaya. Na yi niyya a dafa abincin auren babbar 'yata a cikinta, sannan ta zama tata.

Sai ƙanin matata ya bugo waya daga Birmingham. Yana zaune a unguwar Lozells, a ɗaya daga gidajen nan masu manne da juna, ƙofa na buɗewa kai tsaye a bakin titi. An yi masa haihuwa.

"Yaya, tukunyar tarihi muke so. Waakye, wake da shinkafar nan, na mutane da yawa za a dafa."

"Ku yi haya mana."

"Haba Yaya! Ka raba mu da yayarmu, tukunya ma sai mun cika form?"

Abokin wasa ne, yana da wannan bakin, kuma ƙa'ida ta hana ni cewa a'a. Na kai ta da kaina a bayan mota. Murfin kawai na bari a gida, don matata ta ce faranti za su rufa mata. Na tsayar da ƙanin nata a kicin na gaya masa yadda ake yi: a wanke, a shafa mai, a busar. Yana danna waya yana cewa, "No problem, Yaya, no problem."

An yi suna ranar Asabar. Abinci ya yi daɗi, wannan ba zan hana shi ba. Na koma Manchester da yamma da niyyar dawowa a ɗauka.

Washegari matan gidan suka wanke ta. Bayan gidansa cike yake da tsofaffin tayoyi da katifa da firij da ya mutu tun kafin ya yi aure, babu inda za a ajiye ko buta. Sai ya ce a yi yadda ake yi a gida. Shi da maƙwabcinsa suka ɗaga ta suka kife a bakin titi, ta sha rana. Rana, a Birmingham!

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san masu tsintar ƙarfe. Suna yawo da buɗaɗɗiyar mota suna busa ƙaho, kuma duk ƙarfen da aka ajiye a ƙofar gida, ma'anarsa a ɗauka. Mutumin nan ya shekara da shekaru yana jin ƙahon nan a layinsa. Ya ji shi ranar ma. Yana zaune a falo yana kallon ƙwallo.

Bai kira ni ba. Da na zo ɗauka ne ya tare ni a ƙofa da murmushi.

"Yaya, akwai small issue."

"Ina tukunya?"

"Ka san na bi instruction ɗinka. Ka ce a busar."

"Na ce ka ajiye wa 'yan bola?"

"Wallahi ni na ɗauka ko sun gani za su san ta mutane ce. Ba ka ga yadda take ƙyalli ba?"

Na sa shi a mota muka zaga wuraren da ake sayen tsohon ƙarfe. A wuri na ƙarshe wani mutum mai safar hannu ya nuna mini tudun ƙarfe da ya fi gida tsawo, ya ce kayan farkon mako sun riga sun tafi narkawa. Ƙanin matata na gefe yana tambayar ko suna sayen firij.

Bayan kwanaki ya zo Manchester da wata tukunyar alminiyam da ya saya a Stratford Road, fara fat, da takardarta a manne.

"Ga ta nan, Yaya, brand new. Ta ma fi waccan sauƙin ɗauka. Waccan fa, tsakani da Allah, ta tsufa."

Matata ta ce in yi haƙuri, ƙaninta ne. Na yi. Ban zage shi ba. Tukunyarsa tana bayan gida, a cikinta muke jiƙa tsummokaran goge ƙasa.

Da auren 'yata ya zo, 'yan kasuwa suka kawo abinci a cikin tirori masu rufin leda. Na ba ta murfin, na gaya mata labarin daga jirgi zuwa Lozells, yadda na faɗa yanzu. Ta rataye shi a bangon kicin ɗinta.

Shekarar da ta biyo baya an sake yi masa haihuwa. Muna kicin ɗin 'yata, a gabana ya dubi murfin ya ce zai yi kyau a jera nama a kai ranar suna, ko za ta ba kawunta aro. Yarinyar ta dube ni. Tun zamanin kakan mahaifiyata ba a taɓa hana aro a gidanmu ba. Na ce a'a, kuma na ce masa ya matsa daga jikin bangon.