Manaja a Ƙarƙashin Benci

Babana mai aski ne, shekara arba'in a shago ɗaya. Kujera ɗaya gare shi, sai madubi mai tsagewa a gefe, sai wata kyanwa a ƙarƙashin benci. Manaja yake ce mata, wai don ba ta taɓa aikin komai ba sai sa ido.

Ta kai shekara sha biyar lokacin da gashin bayanta ya fara zuba, fatar ta bushe tana fitar da fari-fari kamar amosani. A gida wannan ba komai ba ne. A shagon aski kuwa masifa ce. Wani direba ya leƙa ƙarƙashin benci ya ce, "Malam, anya wannan ba makero ba ne?" Kafin mako ya zagayo, iyaye sun daina kawo 'ya'yansu.

Raina ya ɓaci, ni kuma ba na iya ɓoyewa.

"Baba, ka ba da ita. Shagon zai mutu saboda mage?"

"Ke dai bari," ya ce, ya ci gaba da share wurin da ba gashi.

Na sa ta a kwali na kai wa likitan dabbobi. Ya duba ƙuma, babu. Ya kankari fatar ya gwada, ba makero. Ya tambayi abin da take ci, sannan ya danna ƙugunta, ta yi ƙara.

"Tsufa ne," in ji shi. "Gaɓoɓinta sun sandare, ba ta iya juyawa ta lashi bayanta. Ba mai taje ta?"

"Baba, kullum da safe."

"To, ya daɗe da dainawa."

Ya rubuta min takarda cewa ba ta da cuta mai yaɗuwa. Na koma da murnata, da faɗana kuma a baki.

"Baba, me ya sa ka daina taje ta?"

Hannunsa na dama ya miƙo min. Rawa yake yi, har yatsun suna bugun juna.

"Wata huɗu ke nan, 'yata. Da safe yakan ɗan natsu, awa biyu ko uku. In na ƙarar da su a bayan Manaja, da me zan riƙe reza kusa da kunnen ɗan mutane?"

Ni nake taje Manaja yanzu, gashin ya fara fitowa. Takardar da za ta dawo masa da mutane tana jakata. Har yau ban nuna wa kowa ba, don in sun dawo, hannun nan ne zai riƙe musu reza.