Mundayen Baba a Bakin Tekun Lome

Mahaifina maƙerin fari ne a Bungudu. Da tagulla da ɗan abin da ya samu na azurfa yake ƙera mundaye da zobba da 'yan kunne. Matan Fulani ne masu sayensu, a kasuwar Tsafe da ta Gusau. Da daji ya lalace, sai suka daina fitowa. Wasu sun yi ƙaura, wasu ba mu san inda suke ba. Kaya suka taru a cikin tukunya.

Wata safiya Baba ya kira ni maƙera, ya ɗora hannu a kan uwar maƙera, wato ƙarfen da yake dukan aiki a kansa, wanda ya gada daga kakana.

"Kai wanga kaya inda aka ce Turawa na saye," in ji shi. "In sun karɓu, in ci gaba da hura wuta. In ba su karɓu ba, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun daɗe suna tambayar wanga ƙarfe."

Da wannan maganar na shiga mota har Lome.

Ni mutum ne mai bin ƙa'ida. Kullum bayan sallar asuba nakan jiƙa tsamiya, in haɗa da toka, in goge kowace munduwa kamar yadda Baba ya koya mini. Sannan in shimfiɗa baƙin ƙyalle a bakin titin da ke kallon teku. Mundaye a sama, zobba a tsakiya, 'yan kunne a ƙasa. Iskar teku tana dusashe tagulla da wuri, don haka da azahar nakan sake gogewa.

Turawa sukan tsaya, su ɗaga, su juya, su ajiye. Daga nan sai su matsa wurin maƙwabcina, wani dattijo mutumin Maraɗi, wanda kayansa suke zube a tabarma, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. A wurinsa suke saye.

Ya daɗe yana kallona kafin ya yi magana.

"Malam Bazamfare, wai amarya za ka kai wa ne? Kullum guga, kullum guga!"

Na ce haka ake gama aiki a gidanmu.

Ya yi dariya har da tari. "Ai gamawar ce take kashe ka. Baturiya tana ganin ƙyalli sai ta ce inji ne ya buga. Tsoho suke so. Ni nawa sai na binne su a bayan ɗaki, inda ruwan wanka ke bi, sannan in ɗan ƙwanƙwasa su da dutse."

Na ce masa wannan ha'inci ne. Ya ce to, Allah ya ba da kasuwa.

Ban canza ba. Na koma gefen otal, na koma bakin babbar kasuwa, masu gadi suka kore ni, na dawo wurina na farko. Zobba kaɗan na sayar, su ma ga mutanenmu direbobi. Da guzuri ya ƙare, na kwashe sauran na ba dattijon a farashin da ya yanka.

Kafin in samu motar gida, na ga wata Baturiya sanye da munduwar Baba. Na gane ta da zanen ƙayar kifi da yake yi a baki. Munduwar ta yi baƙi, ta lotse a gefe ɗaya. Baturiyar tana ta shafa ta tana murmushi.

Dattijon ya raka ni tasha. "Ka gaya wa tsohonka hannunsa na da kyau. Ya ci gaba, ni zan riƙa saye. Amma kada ya goge, kada ya daidaita baki."

A Bungudu na isar da saƙon yadda aka ba ni, ban rage ba, ban ƙara ba. Baba ya saurara har na kai ƙarshe.

"Wato in yi aiki, in tsaya kahin in gama?"

Na ce haka ya ce.

"Mi za ni ce ma kakanka?"

Ya tashi ya share maƙera, ya jera guduma da awartaki a inda suka saba zama. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, masu gwangwan suka zo da kurar ɗaukar kaya. Mutum uku ne suka ɗaga ƙarfen. Ramin da ya bari a ƙasa yana nan, yanzu kaji ke kwanciya a ciki.